Matamaye: na'ura ta fara aiken na'ura zanen hoto

A Matamaye, babban birnin gundumar Kance, ɗan kasuwa mai neman allon shago, ko ma'aikacin lafiya mai son takardar faɗakarwa, wurin mai fenti suka saba zuwa. Yanzu wata hanya ta ɓullo daga ƙetare.

Akwai mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta umurnin ordinatari, irin su GitHub Copilot da ya fito a 2021. Ana iya ƙulla shi da injin zanen hoto kamar DALL-E ko Stable Diffusion. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta sauƙaƙa ƙullin. Mutum ya faɗi buƙatarsa, mataimakin ya aika, hotuna su dawo, ya adana su. Dillalin rake na iya samun tambari iri ashirin kafin la'asar.

Sai dai aikin ba kyauta ba ne. Galibi kowane hoto da farashinsa, da dalar Amurka, ta katin banki, abin da ba kowane ɗan kasuwa ke da shi ba. Idan mabuɗin sirri na asusun ya faɗa hannun wani, ko aka bar mataimakin yana maimaita aike har wayewar gari, mai asusun ne zai biya.

Ga kuma batun harshe, wanda ya fi ciwo. Injunan sukan ɓata ƙ, ɗ da ɓ, har "ƙasa" ta koma "kasa". Dabarar masu aikin ita ce a nemi hoton ba rubutu, daga baya mataimakin ya ɗora kalmomin da haruffansu daidai.