Kututturen da ke gonarka

Tsofaffi sun shaida damina ta sake hali. Ruwa yakan makara, ya ɗauke bayan shuka, ko ya zo da ambaliya irin ta 2024 a Maraɗi. Hayaƙin fetur da kwal da manyan ƙasashe ke ƙonawa ne ya ɗumama duniya. Namu kaɗan ne, amma rumbunmu ke fara ji. In hatsi ya ƙare kafin kaka, yara masu tamowa sukan cika asibiti.

A 1983 wani ɗan mishan, Tony Rinaudo, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa kututturan gona ba su mutu ba, saiwarsu na da rai. Manoma suka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi, suna datse sauran. Sassaben zamani ke nan: ba sayen dashe, ba ban ruwa.

Dubi gawo. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki kyauta. Itatuwa suna rage iskar da ke binne shuka, suna shanye hayaƙin nan, uwargida kuma ta samu itacen girki kusa.

Wuyar abin ita ce tsaro. Sai mai gari da jama'a sun amince kada kowa ya sari na wani.