Faɗan da ido ba ya gani a hantsar saniya

Duk wanda ya saba sayen wagashi a kasuwar Arzeke ta Paraku, ko wajen matan Fulani masu shigowa Jugu da ƙwarya a ka, ya san akwai ranar da dunƙulen kan zo ƙarami, nonon kuma da ɗanɗanon gishiri. Nan da nan sai mu ce an yi mana algus. Sau da yawa ba laifin mai talla ba ne, ciwon hantsa ne ya kama saniyar, kuma nonon mai ciwo ba ya ba da wagashi da yawa komai yawan tumfafiyar da aka sa masa.

Ƙwayoyin cutar ta ƙofar kan nono suke shiga, domin bayan tatsa ƙofar kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ta rufe. Wasu, kamar Staphylococcus aureus, hannun mai tatsa ke kai su daga saniya zuwa saniya. Wasu, kamar E. coli, daga kashin shanu da taɓon damina suke fitowa.

To amma mai karatu, kada ka ɗauka fili suke tararwa babu kowa. A fatar kan nono akwai 'yan gida, wato ƙwayoyin da ɓarnarsu kaɗan ce ko ma babu. Abin kamar benci ne a ajina: in yara shida sun cika shi, na bakwai sai ya tsaya. Haka suke takara kan wurin zama da abinci, musamman sinadarin ƙarfe wanda ya yi ƙaranci cikin nono. Wasunsu har guba suke fitarwa mai kashe abokan takara. A 1928, shekarar da Fleming ya gano penisilin a Ingila, wani masani a Amurka ya lura cewa ƙwayoyin da ke sa nono ya yi tsami suna hana wasu girma. Daga irinsu ake samun nisin, wanda a wasu ƙasashe ake goge kan nonon shanu da shi. An kuma ga wasu dangin Staphylococcus marasa zafi suna danne aureus a ɗakin gwaji, ko da yake a jikin saniya masana suna gardama kan iyakar amfaninsu, don su ma sukan jawo ɗan kumburi.

Abin da ke damuna shi ne allurar da ake saye a kasuwar shanu a yi wa dabba ba awo. Maganin ba ya tantance ɗan gida da baƙo. In an yi rabi an bari, masu taurin kai ne ke tsira, su sami bencin babu kowa. Ragowar maganin kuma tana bin nono. Kindirmo kan tona asiri, don sai ya ƙi kamawa, amma wagashi zai daskare abinsa tunda tumfafiya ce ke daskarar da shi, mu saya mu ba yaranmu.

Masu shanu a bayan gida ko masu kiwo wajen Fulani, ku tatsi ɗigon farko a baƙin akushi, in akwai gudaji za ku gani. Saniya mai ciwo a bar ta sai ƙarshe, a wanke hannu da sabulu, a ba shanu ciyawa bayan tatsa don kada su kwanta cikin taɓo. Wadda aka yi wa allura kuwa, kada a sayar da nononta sai kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa sun cika.