Tsatsa Da Tsohuwar Fijo: Ina Ya Kamata Kuɗin Gyara Su Fara Shiga?

Duk wanda ya ratsa unguwar Nasarawa Gwom a Jos ba zai rasa ganin tsohuwar Peugeot 504 ba, watau motar da jama'a suka fi sani da Fijo, ko dai tana tafe da lodi, ko kuwa an jingine ta a ƙofar gida ana jiran ranar da Allah zai hore kuɗin gyara. An fara ƙera irin wannan mota a Faransa cikin 1968, sa'an nan kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya soma haɗa motoci cikin 1975, ya yi ta fitar da ita har bayan shekara ta 2000. Injinta yana da jimiri, kayan gyaransa kuma ba su gagari makanikai ba. Abin da ke kai ta ƙasa shi ne tsatsa.

A ƙasashen Turai gishirin da ake zubawa kan hanya lokacin ƙanƙara ne ya cinye yawancin waɗannan motoci. Jos ba ta da wannan, ba ta kuma da iskar teku irin ta Ikko, amma tana da damina mai tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga kuma jar laka. Lakar nan takan maƙale a saman ƙafafun mota da ƙarƙashin ƙofofi, ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Idan robar gilashin gaba ta tsage, ruwa yakan silalo ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ya yi ta cin daɓen motar mai ita bai sani ba.

To, a nan ne mai ƙaramin ƙarfi yakan yi kuskure. Da ya ga fenti ya kumbura, sai ya garzaya wurin fanel bita a Farin Gada ya ce a shafe a fesa, don motar ta fito fes. Mai gyara kuwa abin da aka biya shi yakan yi: ya cusa fila a ramin, ya goge da samfefa, ya bi da fenti. Amma fa fila ba ƙarfe ba ce. An yi ta ne don daidaita 'yar lotsawa, a shafa ta siririya kan ƙarfe mai lafiya. In aka ɗora ta kan tsatsa, cin yana nan yana tafiya a ƙarƙashi, damina ɗaya ko biyu sai ta tsage ta faɗo, kuɗin fentin sun bi ruwa.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam irin na babbar mota. Jikin nata ne ke ɗauke da nauyinta. Saboda haka ruɓewar daɓe, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wurin da shokozoba ta gaba ke kama jiki, magana ce ta rai, balle ga motar da za ta gangara hanyar Bauci cike da mutane. Waɗannan wurare su ne ya kamata su ci kuɗin farko, ko da motar za ta shekara tana yawo da dabbare-dabbaren jan fenti.

Aikin kirki a nan ba shi da wani asiri. Mai gyara zai soka sukundireba ya ga inda ƙarfe ya mutu, ya yanke har sai ya kai ga mai ƙyalli, ya yanko faci daidai kaurinsa, sau da yawa daga jikin wata Fijo da ta riga ta mutu, sa'an nan ya yi walda. Waldar kabaid tana da araha, sai dai zafinta yakan lanƙwasa siririn ƙarfe, ya kuma ƙone fentin bayansa. Wajibi ne a bi bayan facin da jan fenti, in ba haka ba daga nan sabuwar tsatsa za ta taso. Tankin mai kuwa a sauke shi tukuna kafin wuta ta matso kusa.

Mai motar ma yana da abin da zai rage wa aljihunsa. Cire kujeru da shimfiɗa, kankare laka, da buɗe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa don ruwa ya fita, duk ba sa bukatar gwani. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ƙarfe yake a bushe, a gyara gefe ɗaya bana, ɗayan baɗi. Wasu sukan fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota. Yana hana tsatsa ƙwarai, amma yana lalata roba, don haka a kiyaye shi daga robobin ƙafa da tiyon birki.

Wanda kuma yake shirin sayen irin wannan mota da aka yi wa sabon fenti, ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Duk inda ya ɗora shi a jikin motar ya ƙi kamawa, fila ce jibge a wurin, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi kafin a fara ciniki.