Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Gyaran Tsohuwar Kwamfuta a Ƙasar Siminti

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran kwamfuta a Birnin Ƙonni ko Malbaza ya san wannan zance. Saurayi zai shigo rungume da akwatin kwamfuta, ya dire shi a kan tebur, ya ce, "Maigida, nauyi take yi mini. Katin hoto nake so ka sa mata, mai ƙarfi." In aka yi dace da mai gyara mai tsoron Allah, ba zai yi gaggawar miƙa hannu ga kati ba. Zai kwance murfi, ya leƙa ciki, sannan ya ce, "Ƙanena, wane aiki kake yi da ita? Kuma wace irin wuta kake ba ta?"

Waɗannan tambayoyi biyu su ne ginshiƙin sana'ar. Tsohuwar kwamfuta tana gyaruwa, har ta ƙara shekaru tana ciyar da mai ita, amma gyaran yana da tsari, kuma katin hoto ne ya kamata ya zo ƙarshe. Mutanen Malbaza ba baƙin wannan darasi ba ne. Tun shekarun 1960 garin yake da masana'antar siminti, kuma ko yaron magini ya san ba a ɗora bene a kan harsashin da bai yi ƙwari ba.

Daga ina waɗannan kwamfutoci suke?

Akasarin kwamfutocin tebur da ake gani a shagunan buga takardu, da ɗakunan ɗaukar hoto, da wuraren haɗa bidiyon biki a wannan yanki, na hannu ne. Sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka, aka loda su a kwantena zuwa tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Wasu su biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, su ratsa Kano ko Sakkwato, su tsallako ta Illela ta Najeriya zuwa Ƙonni. Wasu kuma daga Yamai ko Maraɗi ake kawo su ta babbar hanya mai lamba 1. Sunayensu sanannu ne: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre.

Na'urori ne masu ƙarko, don an ƙera su domin su wuni a kunne. Sai dai aikin da aka ƙera su dominsa shi ne rubutu da lissafi da aika saƙo. Mai haɗa bidiyon ɗaurin aure, da ɗalibin jami'ar Tawa mai zanen gini da AutoCAD, da mai ɗakin wasan ƙwallo na kwamfuta, duk suna neman abin da ya wuce haka. Saye sabuwa kuwa ya fi ƙarfin aljihun mafi yawansu. Saboda haka gyara ya zama dole, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ƙura da zafi da wuta

Kafin a kashe kuɗi mai yawa, sai a fara da abin da kusan ba ya cin kuɗi. Kwamfuta tana shaƙar iska ne domin ta huce, kuma iskar Malbaza ta hunturu ƙura ce, ta bazara kuma wuta. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai, in zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai kwamfuta ya ga tana jan ƙafa, ya ɗauka tsufa ne, alhali ƙura ce ta toshe fanka, kuma man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar laka. A busa ƙurar, a goge tsohon man, a shafa sabo gwargwadon ƙwayar wake. A canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda in ya mutu kwamfuta take manta rana da lokaci. Sau da yawa wannan kaɗai yakan dawo da rabin lafiyarta.

Sai batun wuta. Malbaza tana da tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, kuma ita ce irinta ta farko a Nijar. Duk da haka ƙasar ta daɗe tana sayo mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma kowa yana tune da watan Agustan 2023 lokacin da aka katse layin. Wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi, ko ta janareto mai hawa da sauka, ita ce babbar mai kashe kayan kwamfuta. Wanda zai zuba jikunan sefa a kan kati amma ya kasa sayen na'urar daidaita wuta, ko ondilar da ke riƙe kwamfuta na ƴan mintuna in an ɗauke, ya sa dukiyarsa a bakin rijiya.

Faifai da ram: ƙaramin kuɗi, babban canji

In kwamfuta tana ɗaukar mintuna kafin ta tashi, ko ta tsaya cak in an buɗe fayil, laifin yawanci na tsohon faifan ajiya ne, mai juyawa kamar garmaho. Irinsa yakan karanta abin da bai wuce mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa ba. Faifan zamani mai suna SSD, ko na talakawa, wanda ake jonawa a wayar da tsohon yake, yana kai mega 500, kuma wajen lalubo ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba, domin babu abin da ke motsi a cikinsa. Ba ya ƙara, ba ya shan wuta sosai, kuma girgizar hanya ba ta lalata shi. Duk cikin gyare-gyare babu wanda mai kwamfuta yake jin daɗinsa nan take kamar wannan. Tsohon faifan kuma ba a yar da shi. A bar shi ya zama rumbun hotuna da bidiyo.

Bayan faifai sai ram, wato teburin da kwamfuta take baza aikin da take ciki a kansa. Giga 4 ya yi kaɗan a yau. Giga 8 ya wadatar da mai buga takardu, mai bidiyo kuma ya nemi 16. A nan ake yawan asara saboda rashin tambaya. Ram iri-iri ne: DDR3 da ya fito a 2007, da DDR4 na 2014, da DDR5 na baya-bayan nan, kuma wani ba ya shiga gurbin wani, domin tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba. Sanda biyu masu giga 4 iri ɗaya sun fi sanda ɗaya mai giga 8 sauri, saboda kwamfuta tana ɗiba daga biyun a lokaci guda. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka su sani cewa a nan gyaransu yake tsayawa: a kusan dukkansu na'urar hoto a like take da babban allo, ba a cire ta balle a sa wata.

Yanzu sai katin hoto

Katin hoto ƙwaƙwalwa ce ta biyu, mai ɗaruruwan ƙananan ma'aikata da ke yin lissafin launi da inuwa da motsi a tare. Tun da kamfanin Nvidia ya fitar da GeForce 256 a 1999 aikinsa yake faɗaɗa, daga wasanni zuwa tace bidiyo, har zuwa ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kanta yau. Amma mai buga takardar neman aiki da katin gayyata ba ya buƙatarsa. Na'urar hoton da ke cikin furosesa ta ishe shi. Wanda ke buƙatarsa kuma, akwai abubuwa uku da zai auna kafin ya zaro kuɗi.

Na farko, wuta. Gurbin da ake soka katin, mai suna PCIe, wat 75 kawai yake iya bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta musamman daga akwatin wutar kwamfuta. Ƙananan kwamfutocin ofis kuwa akwatin wutarsu yakan tsaya tsakanin wat 180 da 250, ba shi da wannan waya, kuma a yawancin Dell da HP bakin wayoyinsa na kamfanin ne shi kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Shi ya sa katunan da suka dace da su su ne masu ƙoshi da abin da gurbi ya ba su: GTX 750 Ti na 2014, GTX 1050 Ti na 2016, GTX 1650 na 2019, ko RX 6400 na kamfanin AMD na 2022. Kwatanta su da RX 580, mai shan wat 185. Bambancin wat 110 ne, wanda in ana aiki da shi sosai awa 8 ya kusa kilowat-awa guda a wuni. Ga mai dogaro da faranti da batir, ko mai sayen man janareto, wannan lissafi ne na kullum, ga kuma ƙarin zafi a ɗakin da dama yake tafasa.

Na biyu, girma. Siririn akwati sai gajeren kati. A auna da ma'auni tun daga gida, kada a je Kano a dawo da abin da murfi ba zai rufu a kansa ba.

Na uku, daidaito. Kati ba ya gudu fiye da yadda furosesa take miƙo masa aiki. A ɗaura sabon kati a kan Core 2 Duo ta 2006, daidai yake da a sa wa jaki sirdin ingarma. Furosesa Core i5 ta zubi na uku ko na huɗu, wato ta 2012 da 2013, tana tafiya daidai da katunan da aka ambata. Mai haɗa bidiyo kuma ya lura da wani abu: wani ƙaramin kati mai suna GT 1030 da RX 6400 ba su da sashen da ke matse bidiyo wajen fitarwa, alhali GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da shi. GT 1030 ɗin ma iri biyu ne masu suna ɗaya, kuma mai DDR4 ya yi ƙasa sosai da mai GDDR5.

Araha ba ta ado

Kasuwar katin hannu cike take da tarko. A ranar 15 ga Satumban 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa ta katin hoto, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu lau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma jabu: a ɗauki tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya bayanin da ke cikinsa, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Maganin wannan shi ne gwaji a gaban mai sayarwa. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana bayyana ainihin ƙwayar da ke cikin kati. A sa shi aiki mai nauyi na rabin awa, a duba zafinsa, a ga ko hoto yana tsagewa. Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin gwaji.

Sanin inda za a tsaya

Gyara yana da iyaka. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, tare da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0. Yawancin kwamfutocin shagunanmu ba su cika wannan sharaɗi ba. Wannan ba ya nufin sun mutu. Wadda ke aikin bidiyo ko bugu ba tare da intanet ba za ta ci gaba da aikinta. Wadda ke shiga intanet, musamman ta makaranta ko ofis, ana iya ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi. Amma in kuɗin gyara ya doshi farashin wata ta hannu mai sabon zubi, hikima ita ce a sayi waccan, a kwashe SSD da katin a mayar mata.

Akwai kuma dalilin da ya wuce aljihu. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004 ya nuna cewa ƙera kwamfutar tebur guda da allonta na wancan zamani yana cin kilo 240 na makamashin ƙasa, da kilo 22 na sinadarai, da lita 1,500 na ruwa. Rahoton majalisar na 2024 kuma ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya dace. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana a mayar da nahiyar juji. Kowace kwamfuta da aka ƙara wa shekara uku ko huɗu, an rage abin da zai ƙare a bola, inda yara ke ƙona waya don neman jan ƙarfe suna shaƙar guba.

Saboda haka kira na ga masu gyara a Malbaza da Ƙonni da Illela shi ne su riƙe amana, su faɗa wa mai kaya gaskiyar abin da na'urarsa take buƙata ko da ribar ranar za ta ragu, kuma su koya wa yaran shagonsu dalilin kowane mataki. Cibiyoyin koyar da sana'a na jihar Tawa su ba wannan fanni muhimmancin da suke ba walda da gyaran babur. Kai kuma mai karatu, kafin ka tambayi farashin kati, share ƙura, tsare wuta, sa SSD, ƙara ram. In bayan haka aikinka ya nemi kati, sayi wanda akwatinka zai iya ciyarwa, kuma kada ka biya sai ka gwada.