Kuɗin Ruwa Ya Tashi, Hannun Jari Ya Faɗi: Me Ya Haɗa Su?

A ranar 26 ga Agustan 2022, shugaban Babban Bankin Amurka, Jerome Powell, ya yi wani jawabi da bai kai minti goma ba a taron shekara-shekara na Jackson Hole da ke jihar Wyoming. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne bankin zai ci gaba da ƙara kuɗin ruwa har sai farashin kaya ya lafa, kuma magidanta da kamfanoni za su ji a jikinsu. Kafin a tashi kasuwa a New York ranar, ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka 500, ya zube da fiye da kashi 3 cikin 100. Babu masana'antar da ta ƙone, babu kamfanin da cinikinsa ya ragu tsakanin safe da yamma. Abin da ya sauya kawai shi ne zaton da masu kuɗi ke yi game da tsadar bashi a watanni masu zuwa.

Asalin matsalar daga annobar korona ta taso. A 2020 Babban Bankin ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili, gwamnati kuma ta raba wa jama'a da kamfanoni tallafin tiriliyoyin daloli. Kuɗi ya yi yawa a hannun mutane a daidai lokacin da masana'antu ke rufe, jiragen ruwa na jiran layi a tashoshi. A 2021 jami'an bankin sun yi ta cewa tsadar ta ɗan lokaci ce, za ta wuce da kanta. Ba ta wuce ba. Ana cikin haka Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, gangar ɗanyen mai ta haura dala 120, alkama da takin zamani suka bi sahu. A watan Yuni hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100, abin da ba a gani ba cikin shekara 40. Da yake bankin ya makara, sai ya shiga rama barci da gudu: ya fara ƙari a watan Maris, sannan sau huɗu a jere ya ƙara kashi 0.75, har shekara ta ƙare kuɗin ruwa yana tsakanin kashi 4.25 da 4.5.

To me ya haɗa wannan da hannun jari? A ɗauka mutum yana da gidan haya da ke kawo masa naira miliyan 1 a shekara. Idan takardun lamunin gwamnati suna biyan kashi 5 cikin 100, sai an zuba miliyan 20 a cikinsu kafin a samu wannan miliyan ɗayan, saboda haka mai saye ba zai ga tsadar gidan ba a kan miliyan 20. Ranar da gwamnati ta koma biyan kashi 10, miliyan 10 ta ishi mutum samun kuɗin shiga iri ɗaya, babu rigimar ɗan haya, babu gyaran kwano. Gidan yana nan yadda yake, hayarsa ba ta ragu ba, amma tayin da za a yi masa ya karye. Haka ake auna hannun jari. Shi ma kaso ne na ribar da kamfani zai samu nan gaba, kuma ana gwada shi ne da abin da mutum zai samu in ya ba gwamnati rance ya koma gida ya kwanta.

Wannan lissafi ya fi gallabar kamfanin da ribarsa ke can nesa. Wanda ya saya don ribar da ake sa ran za ta zo bayan shekara goma ya fi asara idan jira ya yi tsada. Shi ya sa kamfanonin fasaha suka fi kowa shan kashi a 2022: ma'aunin Nasdaq, inda suka fi yawa, ya faɗi da kusan kashi 33 cikin 100, Meta mai Facebook da Tesla kowanne ya rasa fiye da kashi 60 na darajarsa, Amazon kusan rabi. S&P 500 ya ƙare shekarar da faɗuwar kashi 19, mafi muni tun 2008. A gefe guda kuwa kakar kamfanonin mai ce ta yanke saƙa. ExxonMobil ya ci ribar kusan dala biliyan 56 a shekarar, domin tsadar da ke cin aljihun kowa cikin asusunsa take zuba. Hatta tsofaffin takardun lamuni, da aka saba fakewa a cikinsu in kasuwa ta rikice, sun faɗi da kimanin kashi 13, tunda babu mai son tsohuwar takarda mai ƙaramin ruwa alhali ga sabuwa mai tsoka.

Sai kuma tsoron koma bayan tattalin arziki. Ƙarin kuɗin ruwa ba ya noma alkama, ba ya haƙo mai. Yadda yake rage tsada shi ne ya sa mutane su rage saye. Bashin sayen gida na shekara 30 a Amurka, wanda ruwansa ke kusan kashi 3 a farkon 2022, ya haura kashi 7 a watan Oktoba. Mai son gida ya fasa, magini ya rage ma'aikata, mai sayar da kujeru ya rasa ciniki. Bankin yana tsakanin gaba kura baya sayaki: ya sassauta, tsada ta yi jijiya, ya matsa da yawa, a sallami miliyoyin ma'aikata. Amurkawa ba su manta da zamanin Paul Volcker ba, tsohon shugaban bankin, wanda ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20 a farkon shekarun 1980. Ya karya hauhawar farashi, amma rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982.

Inda labarin ya fi ɗaukar hankali a wurina shi ne abin da ya biyo baya. A Oktoban 2022 masu hasashen Bloomberg sun fitar da lissafin da ya nuna cewa yiwuwar koma baya cikin shekara guda ta kai ɗari bisa ɗari. A cikin wannan watan ne, ranar 12 ga Oktoba, S&P 500 ya taɓa ƙasa, daga nan ya fara hawa. Bankin bai daina ƙari ba, sai da ya kai kuɗin ruwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a Yulin 2023. Bankin Silicon Valley ya durƙushe a Maris ɗin 2023 saboda asarar da ya tafka a tsofaffin takardun lamuni. Duk da haka koma bayan bai zo ba a 2023, rashin aikin yi ya tsaya ƙasa da kashi 4, ma'aunin kuma ya tashi da kusan kashi 24. Kaso mai yawa na wannan hawan ya fito ne daga 'yan tsirarun kamfanoni irin su Nvidia da guguwar ƙirƙirarriyar basira ta ɗaga, abin da babu shi a lissafin yawancin masu hasashen. Wanda ya sayar a Oktoba don tsoro, a mafi arhar farashi ya sayar.

Ba na cewa masanan sakarkaru ne. Alamomin da suka duba, musamman yadda ruwan rancen gajeren lokaci ya zarce na dogon zango, sun sha gabatar koma baya a tarihi. Matsalar ita ce duk labarin da ya kai shafin farko na jarida, kasuwa ta riga ta sa shi a farashi. Abin da ke motsa ta shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka yi zato da abin da ya faru. Shi ya sa a lokacin aka riƙa ganin abin mamaki: a sanar an samar da ayyuka da yawa, hannayen jari su faɗi, don masu kuɗi sun fassara labarin da cewa bankin zai ƙara matsawa.

Wannan girgiza ta iso gida. Idan Amurka tana biyan kashi 5 a kan dala, mai jarin waje ba ya ganin dalilin barin kuɗinsa a Legas ko Akara. Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa 27.5 a ƙarshen 2024. Bisa ƙa'idar da muka gani, kamata ya yi kasuwar hannayen jari ta Legas ta zube. Amma ta tashi da kusan kashi 20 a 2022, kashi 46 a 2023, kashi 38 a 2024.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, wato ta zarce ruwan da gwamnati ke biya, don haka mai ajiye naira asara yake yi ko da an ba shi ruwa, sai mutane suka gudu zuwa kadara da hannun jari. Bankuna masu riƙe da dala sun ci ƙazamar riba da faɗuwar naira, yayin da MTN Najeriya da Nestlé Najeriya, masu nauyin biyan dala a wuyansu, suka rufe 2023 da asara. Ga mai gudun kuɗin ruwa saboda addini, akwai takardun sukuk da gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017, akwai kuma ma'aunin Lotus na kamfanonin da suka dace da shari'a, sai dai su ma farashinsu na bin motsin kuɗin ruwa. Daga farkon 2023 zuwa ƙarshen 2024 babban ma'aunin kasuwar Legas ya ninka sau biyu, daga kimanin dubu 51 zuwa dubu 103. A tsakanin lokacin dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500. Wanda ya bi ma'aunin ya ga nairarsa ta ninka a takarda, amma in ya mayar da ita dala, abin da ke hannunsa kimanin kashi 60 ne kacal na abin da ya fara da shi.