Saƙonnin da Aka Sace a Norwich

A watan Nuwamba na 2009, saura 'yan makonni shugabannin duniya su hallara a Copenhagen kan batun ɗumamar yanayi, masu kutse suka shiga kwamfutocin sashen binciken yanayi na Jami'ar East Anglia da ke Norwich a Ingila. Suka kwashe saƙonnin imel fiye da 1,000 suka baza a intanet. 'Yan sanda sun rufe binciken a 2012 ba tare da sun gano wanda ya aikata ba. Amma kafin nan magana ta riga ta zaga duniya, wai asirin masana ya tonu, ashe ƙarya suke shara wa jama'a.

Saƙon da ya fi tayar da ƙura shi ne wanda shugaban sashen, Phil Jones, ya rubuta tun 1999, inda ya ambaci wata dabara ta ɓoye raguwa. Masu adawa suka ce ai zafin duniya ne ke raguwa ake ɓoyewa. Ba haka ba ne. Idan aka sare bishiya, za a ga zobba a jikin kututturen, kowane zobe shekara guda, kuma daga kaurinsa da taurinsa masana ke ƙiyasta zafin shekarun da ba a da ma'auni. To, a wasu dazuzzukan can arewacin duniya, daga wajajen 1960 sai zobban suka fara nuna kamar sanyi ake yi, alhali ma'aunin zafi da ke tashoshi yana nuna akasin haka. Jones ya yanke wannan ɓangare daga wani zane, ya haɗa da alƙaluman ma'auni, bai yi bayani a jikin zanen ba.

Kwamitoci da dama a Birtaniya da Amurka sun bi diddigi. Wanda Muir Russell ya jagoranta ya fito da rahotonsa a Yulin 2010: babu maguɗi, gaskiyar masanan ba abar tuhuma ba ce, sai dai zanen na iya ɓatar da mai karatu, kuma sun yi ta noƙewa idan aka nemi bayanansu. Ni a ganina wannan noƙewa ita ce babban laifinsu. Mutumin da ke cewa duniya ta rage ƙona fetur da kwal, ba shi da hurumin jin haushi don an ce ya buɗe littafinsa a gani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ya faru ne a California. Richard Muller, malamin kimiyyar fiziya a jami'ar Berkeley, yana cikin masu shakkar alƙaluman. Wanda bai yarda da mudun mai awo ba, ai sai ya zo da nasa. A 2010 ya kafa ƙungiyar Berkeley Earth, kuma cikin masu ba shi kuɗi har da gidauniyar Charles Koch, attajirin da dukiyarsa ke da alaƙa da man fetur. Suka tattara bayanan tashoshi fiye da 30,000, suka duba ƙorafin da aka fi yi, cewa kwalta da siminti na birane ne ke sa ma'auni hawa. Sakamakonsu ya zo kusan daidai da na waɗanda ake zargi. A 2012 Muller ya fito fili a jarida ya ce ya sauya ra'ayi: ƙasa na ɗumama, kuma ayyukan ɗan Adam ne kusan duk sanadi.

Kada wannan ya sa a ɗauka masana ba sa tafka kuskure. Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2007 ya ce ƙanƙarar tsaunukan Himalaya na iya narkewa kafin 2035, maganar da ba ta da tushe, sai da suka janye ta a 2010. Mu ma a nan mun ɗanɗana. Bayan farin 1973 da na 1984, ra'ayin da ya yi tashe shi ne makiyaya da manoman Sahel ne suka jawo wa kansu: dabbobi sun cinye ciyawa, an sare itatuwa, ƙasa ta yi fari fat, ruwa ya ɗauke. Masanin yanayi Jule Charney ya ba wannan tunani ƙarfi a 1975, kuma an daɗe ana ɗora wa Bafulatani da mai gatari laifi. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin zafin tekuna ne ya fi juya daminarmu. Wasu binciken kuma suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu, domin ya sanyaya arewacin Tekun Atlantika, ya tura hadari kudu. Waɗanda suka warware wannan zargi masana ne su ma, da alƙaluma suka yi, ba da zagi ba.

Shi kuwa tushen maganar ya girmi duk wannan rigima. Tun 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya yi lissafin yadda ƙaruwar iskar kabon za ta ɗumama duniya. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, kashi 315 ce cikin miliyan; yau ta haura 420. Masanan kamfanin mai na Exxon ma sun yi nasu hasashen tun daga 1977, kuma wani nazari da mujallar Science ta buga a 2023 ya gano yawancinsa ya dace da zafin da aka samu daga baya, duk da kamfanin ya shafe shekaru yana gaya wa jama'a cewa lamarin bai tabbata ba.