Asalin Kalmar "O.K." Da Yadda Ma'anarta Ta Sauya

Da wuya mutum ya yini a ofis ko a makaranta bai ji an ce "oke" ba. Babban jami'i yakan rubuta haruffan nan biyu a gefen fayil ya sa hannu, shi ke nan an amince da buƙata. To, amma kaɗan ne daga cikin masu faɗinta suka san cewa da barkwanci aka fara ta.

A ranar 23 ga watan Maris na 1839 ne kalmar ta fara bayyana a jaridar Boston Morning Post ta ƙasar Amurka. A wancan lokaci 'yan jaridar birnin Boston sun shiga yayin taƙaita magana zuwa haruffa, kuma da gangan sukan gurɓata rubutun domin a yi dariya. Maganar nan ta "all correct", watau komai daidai, sai suka mai da ita "oll korrect", suka tsame harafin farko na kowace kalma. Tana da 'yan'uwa irin su O.W. da K.Y., amma duk sun mutu tare da yayin.

Siyasa ce ta cece ta. A 1840 Shugaba Martin Van Buren ya nemi a sake zaɓensa, kuma da yake shi mutumin garin Kinderhook ne na jihar New York, ana yi masa laƙabi da "Old Kinderhook". Magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club. Abokan hamayya kuwa suka baza labarin cewa Andrew Jackson, ubangidansa a siyasa, shi ne ya ƙago haruffan saboda rashin iya rubutu. Van Buren ya sha ƙasa a hannun William Henry Harrison, amma kalmar ta zauna. Daga nan ma'aikatan wayar tangaraho suka riƙe ta don nuna cewa saƙo ya iso.

An daɗe ana gardama. Shugaba Woodrow Wilson yakan rubuta "okeh", bisa imanin cewa daga harshen Indiyawan Choctaw ta fito. Wasu masana sun danganta ta da harshen Wolof na Senegal, zancen da ke da daɗin ji a kunnen ɗan Afirka, sai dai hujjar da aka samu a rubuce tana wajen Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia, wanda ya bi tsofaffin jaridu ya bayyana sakamakonsa a 1963 da 1964.

Abin lura shi ne yadda ƙarfinta ya ragu. Kalmar da a da take nufin babu kuskure ko ɗaya, yau idan Bature ya ce aikinka "O.K." ne, sau da yawa nufinsa ba yabo ba fallasa. Ƙaramin ma'aikacin da ya ɗauka an yaba masa, wataƙila haƙuri kawai aka yi da shi. Ɗalibai kuma su sani cewa har yanzu malaman Turanci ba sa maraba da ita a wasiƙar neman aiki ko a takardar jarrabawa.